Kibiya Bakwai Zuwa Ƙasa

Ɗan Aike ba mutum ba ne, amma a ofishin nan an fi ambaton sunansa fiye da na rabin ma'aikata. Wata ƙaramar manhaja ce da Kawu ya rubuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin kamfanin yana da motocin kai kaya huɗu kacal, biyu daga ciki ma sai an tura suke tashi. Mutum zai buɗe baƙin allo a kwamfuta, wanda babu hoto babu ado sai rubutu zalla, ya rubuta abin da yake so, Ɗan Aike ya je ya yi. Ka rubuta "aike raba", ya fitar wa kowane direba jerin kayan da zai kai. Ka rubuta "aike ajiye", ya kwafe bayanan kamfani ya adana. Ka rubuta "aike maido", ya share abin da ke cikin rumbun bayanai ya dawo da tsohon kwafi. Da yake wannan na ƙarshen yana da haɗari, sai ka rubuta kwanan watan kwafin da hannunka kafin ya yarda. Yanzu motoci sun kai sittin, ayyukan Ɗan Aike sun kai arba'in da uku, kuma mutum ɗaya ne ya san su duka da ka.

Kawu ba ya gani. Idanunsa sun tafi tun yana saurayi, bai kuma taɓa yarda a yi masa jaje a kai ba. Da abin sauraro a kunne ɗaya yake aiki, wata murya tana karanta masa duk abin da ya fito a allo, da irin gudun da in wani ya saurara zai rantse kaset ne ya cakuɗe. Baƙin allo ya dace da shi sosai. Ya rubuta layi ɗaya, amsa ta dawo layi ɗaya, muryar ta karanta, shi ke nan. Gilashin kwamfutarsa ma a kashe yake barinsa, wai me zai sa ya ɓata wutar kamfani saboda 'yan leƙe.

Auta 'yar yayarsa ce. Ita ta jawo masa sunan Kawu a ofis, har direbobin da suka girme shi haka suke kiransa, shi kuma ya jawo mata nata. Shekararta talatin da biyar, 'ya'yanta biyu, ita ce ma shugabar sashen kwamfuta, amma Auta take. Manaja ne kaɗai yake ce mata Injiniya, kuma duk sanda ya faɗa sai Kawu ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Injiniyar me?" yakan ce in sun shiga mota da yamma. "Yarinyar da na koya wa kod tana goge majina da hannun riga?"

A falonsa ta koyi kod ɗin, wato rubuta manhaja, tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Ita ta karanta masa littattafan da muryar ba ta iya karantawa, shi ya bayyana mata abin da ta karanta. Har yanzu ita take ɗauko shi da safe, ita take mayar da shi gida.

Manaja bai fi wata biyar da zuwa ba. Daga wani babban kamfani ya fito, ya kuma taho da ƙyamar baƙin allo kamar wanda allon ya taɓa zagi. Wata Laraba ya kira Auta ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Injiniya, abin nan ba zai yiwu ba. Jiya kawunki ya je asibiti na awa biyu, mutum shida suka zauna suna zare ido saboda babu wanda ya tuna yadda ake sake raba kayan motar da ta lalace. In ya kwanta rashin lafiya fa? In ya tafi hutu? A yi mana menu. Mutum ya buɗe ya ga jerin ayyukan a gabansa, ya sauka da maɓallin kibiya, ya danna, magana ta ƙare."

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Ita kanta ta sha yin wannan tunanin, kunyar Kawu ce ta hana ta furtawa.

Kwana tara ta yi tana aikin, kuma a faɗi gaskiya, ta ji daɗinsa. Shekara takwas tana faci a kan abin da Kawu ya gina, wannan ne karon farko da za a nuna wani abu a ce nata ne. Ta jera ayyukan arba'in da uku, kowanne da ɗan bayani a gefe. Wanda ka tsaya a kai sai wani koren layi ya haska shi. In ka danna maɓallin Enta, ɗan akwati ya fito ya tambaye ka ko ka tabbata, "Eh" ko "A'a". Har rubuta kwanan wata ta sauƙaƙa: in ka zaɓi "maido", shi da kansa zai ɗauko kwafi na ƙarshe.

Abu ɗaya ya rage. Da zarar an kira Ɗan Aike, menu ɗin yake mamaye allon, ba ya sauraron abin da aka rubuta a bayan sunan. Sai an ɗan ƙara wani reshe a kod kafin tsohuwar hanya ta ci gaba da aiki tare da sabuwar. Ta rubuta a 'yar takarda mai gam, "a dawo da hanyar rubutu", ta manna a gefen kwamfutarta. Manaja ya zo wucewa ya karanta.

"Hanya biyu aiki biyu ne, Injiniya. In kika bar musu tsohuwar, ba za su koyi sabuwar ba."

Ba umarni ya ba ta ba, magana ce ya yar ya wuce. Da ta ga dama da ta yi abinta ba wanda zai sani. Amma ta gaji, ranar nunawa ta matso, sai ta ce a ranta sai an kwana biyu. Takardar ta yi mako tana lilo, gam ɗin ya saki, ta faɗa bayan tebur.

Ranar da aka nuna menu ɗin, Dogo mai kula da direbobi, wanda da ko kibod ba ya taɓawa sai ya yi addu'a, shi ya raba kayan ranar da hannunsa. Aka yi tafi. Dogo ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. Kawu ma ya tafa daga kujerarsa.

A mota ta tambaye shi. "Kawu, menu ɗin yana yi maka?"

"Lafiya lau."

"Muryar tana karantawa?"

"Tana karantawa. Har ta yi yawa ma."

Ta yi dariya, don ta ɗauka irin tsokanarsa ce. Teburinsa taku huɗu ne daga nata. Minti biyu zai ɗauke ta ta ja kujera, ta karɓi abin sauraron ta ji da kunnenta. Ba ta yi ba. A makonnin da suka biyo ta lura yakan cire abin sauraron ya ajiye in zai buɗe Ɗan Aike, ta kuma lura leɓɓansa suna motsi yana danna maɓalli a hankali. Ta ɗauka tasbihi yake yi, har ta ce a ranta tsufa ya fara kama Kawu.

Bayan mako uku Dogo ya kawo ƙorafi, wai yatsansa yana gajiya kafin ya sauko kan aikin da yake nema. Auta ta ga gyara ne mai sauƙi. Ta sa menu ɗin ya riƙa ƙirga ayyukan da aka fi kira, ya hau da su sama. Ranar Litinin da yamma ta saki gyaran, ta ɗauki hoton sabon jerin ta tura a zauren ma'aikata na waya, ta rubuta a ƙasa, "Ga ɗan sauƙi." Mutum goma sha huɗu suka turo alamar babban yatsa. Hoto ta tura, a zauren da kawunta yake ciki, kuma ko gezau ba ta yi ba.

Akwai wani abin da ba ta lura da shi ba. A wannan makon ita kanta ta kira "maido" ya fi sau talatin a rumbun gwaji, inda take gwada gyara, ƙirgar kuwa ba ta bambance gwaji da aikin gaske. Aikin da yake can ƙasan jeri, inda ba mai zuwa, ya hauro ya zauna daidai inda "ajiye" yake a da.

Kowace safiya da ƙarfe goma, bayan an gama shigar da kayan da aka karɓa, Kawu yakan adana kwafi kafin motoci su fita. Ranar Talata ma haka ya zauna yi. Da ƙarfe goma da minti shida Dogo ya hauro bene da gudu, yana cewa jerin direbobi ya koma na jiya. Duk abin da aka shigar tun daga goman safiyar Litinin ya ɓace: sunayen masu kaya, adireshi, lambobin waya. Motoci sittin suna tsaye a fili cike da kaya, babu wanda ya san inda kwali ɗaya zai je. Wayoyi suka fara ƙara. Daga taga Auta tana ganin direbobi sun zauna a inuwar motocinsu, wasu sun cire takalma.

Ta buɗe rajistar da Ɗan Aike yake rubuta duk abin da aka sa shi. Layin yana nan ɓaro-ɓaro: sunan Kawu, goma da minti huɗu, "maido", "Eh". Ta juya ta dube shi. Ya riga ya mayar da abin sauraron kunnensa, hannayensa biyu a kan cinya, bai motsa ba.

Sai da rana ta yi sannan ta same shi shi kaɗai, a matattakalar baya inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Yana zaune a kan tudu na uku, sandarsa a naɗe a gefe.

"Kawu, me ya faru?"

"Bakwai na danna," ya ce. "Kamar kullum. Kibiya bakwai zuwa ƙasa, Enta, Enta."

"Ban gane ba."

"Auta, duk kibiyar da na danna, allon nan naki yana sake zana kansa gaba ɗaya. Muryar sai ta koma sama ta fara karanto jerin daga farko. In sake dannawa, ta sake komawa. Koren layin nan kuma da kowa yake yabo, muryar ba ta san kore ba. Ba ta taɓa gaya min a kan wanne nake ba. Shi ya sa ranar farko na sa Dogo ya karanta min jerin, na ce gwada shi nake. Na haddace. 'Raba' uku ne, 'ajiye' bakwai. Sai in cire abin kunnen don kada surutun ya rikita min ƙirga."

Ta zauna a tudun da ke ƙasa da nasa.

"Jiya na sauya jerin," ta ce. "Na tura sanarwa."

"Na ji wayata ta ce hoto ya shigo. Na ɗauka na wani biki ne."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba tun farko?"

"Na ce miki ta yi yawa. Kika yi dariya." Ya shafa sandarsa. "Kuma murna kike yi. Tun kina yarinya ban ji muryarki haka ba. Ga Manajan nan kuma, tun da ya zo yake auna ni. In tashi in ce kowa ya iya sabon abu sai ni? Na ce bari in lallaɓa, za ki dawo da hanyar rubutun in kin sarara."

Ta ce gobe a taro za ta faɗi komai, laifinta ne daga farko har ƙarshe.

"Kul," ya ce, ya laluba ya kama kafaɗarta. "Abin da na zauna nan ina jiran in gaya miki ke nan. Gobe ki yi shiru. Zan ce hankalina ne ya tafi. Za a ba ni takardar gargaɗi, in sa hannu, in koma kujerata. Ke kuma ki gyara abinki a hankali ba wanda ya sani. In aka ce na yi ganganci, faɗa za a yi min. In aka ce ba zan iya ba, ɗauke ni za a yi. Shekara talatin ina aiki da masu ido, na san su. Kin ji?"

"Kawu..."

"Ki ce kin ji."

"Na ji."

Washegari aka zauna a ɗakin taro, wanda fankarsa ke ƙara kamar keken ɗinki. Manaja yana kan tebur, gefensa shugabar sashen ma'aikata da littafinta, sai Dogo da idanunsa jajaye don ya wuni yana shigar da adireshi daga takardu. Kawu ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, a taƙaice, ya nemi afuwa.

Da Manaja ya karɓa ya yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma mutum ne mai son jin muryarsa. Ya ce abin mamaki ne a ce wanda ya rubuta manhaja da hannunsa shi zai kasa karanta tambaya mai kalma biyar. Ya ce akwati ya fito ya yi gargaɗi, amma wasu in sun daɗe a wuri sai su ga sun fi ƙarfin gargaɗi. Ya ce ko yaron da ya zo jiya ba zai yi wannan sakacin ba. Dogo ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Gaskiya Kawu ka ba mu wahala."

Kawu yana zaune yana cewa, "Haka ne. Haka ne."

Wannan "haka ne" ɗin ne Auta ta kasa ɗauka. Mutumin da bai taɓa danna maɓalli bai san abin da zai biyo baya ba, wanda ya koya mata karanta umarni sau biyu kafin ta saki, shi ake kira mai sakaci a gaban Dogo, yana amsawa. Ta gaya wa kanta don shi za ta yi magana. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin shi ne laifin ya yi mata nauyi a ƙirji, tana neman inda za ta sauke.

"Ranka ya daɗe, ba sakaci ba ne," ta ce.

Ta ji sandar Kawu ta taɓa ƙafarta a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafar. Ta faɗi komai: allon da ke sake zana kansa, koren layin, ƙirgar kibiya, jerin da ta sauya, hoton da ta tura. Ta ce in akwai takardar gargaɗi, sunanta za a rubuta. Da ta gama ta ji wani sauƙi ya sauko mata, har ta yi ajiyar zuciya.

Manaja ya jingina da kujerarsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi laushi, kuma laushin ne ya fara tsorata ta.

"Wato kusan wata guda ke nan yana danna abin da bai san mene ne ba, a kan bayanan kamfani?"

"Laifin menu ɗin ne. Yau zan gyara."

"Na yarda za ki gyara, Injiniya. Amma yau menu ne, gobe wani sabon abu ne, kuma kin ga shi ba zai faɗa ba." Ya juya wajen Kawu. "Ka yafe min maganganun da na yi, Kawu. Ban san haka abin yake ba. Ai mu ne muka ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka."

Shugabar sashen ma'aikata ta fara rubutu. Kawu bai ce "haka ne" ba wannan karon. Aka tashi ba a ba kowa takardar gargaɗi ba. A bakin ƙofa ma Manaja ya tsayar da Auta ya yaba mata, wai irin wannan gaskiyar ce kamfani yake bukata.

Ranar Litinin aka sauko da Kawu ƙasa, teburin amsa wayar masu kaya, kusa da ƙofar shiga. An ce matsayinsa yana nan a takarda, sauƙi kawai aka nema masa. Aka rufe masa izinin shiga rumbun bayanai, kuma da yake Auta ce shugabar sashen, ita aka turo wa takardar ta aiwatar. Tun ranar taron ya ce ta daina biyowa ta gidansa da safe, wai maƙwabcinsa yana bin hanyar.

Da ta gama rufe izinin, ta buɗe kod ɗin Ɗan Aike. Ta ƙara reshen nan: in an rubuta sunan aiki, a yi shi kai tsaye kamar da, in ba a rubuta ba, a buɗe menu. Ta dawo da rubuta kwanan wata a kan "maido". Ta gwada, ya yi. Biro ɗinta ya faɗi, ta sunkuya ɗaukowa, sai ga 'yar takardar nan a bayan tebur ta yi ƙura, rubutun hannunta yana nan raɗau.

Ta sauka ƙasa. An ba shi ƙaramin tebur da waya mai igiya da kujerar roba. Ya jera komai yadda ya saba, kofin shayi a dama, sanda a hagu. Tun kafin ta ƙaraso ya ɗago kai, don ya san takunta.

"Kawu, na dawo da hanyar rubutu. Tana aiki kamar da. Zan je in sami Manaja, in nuna masa, in roƙe shi..."

"Layi nawa?"

"Na'am?"

"Gyaran. Layi nawa ya ci?"

"Goma sha ɗaya."

"Minti nawa?"

Ta so ta yi ƙarya, amma shi ya koya mata aikin, zai gane.

"Ashirin."

Ya jinjina kai a hankali, kamar yadda yake yi in ta kawo masa kod mai tsabta. Ta tsaya tana jira ya yi mata faɗa, ya tsokane ta, ya ce yarinyar da ba ta jin magana, ko me ma. Wayar da ke gabansa ta fara ƙara. Ya miƙa hannu ya same ta ba tare da lalube ba.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Na gode, Injiniya."

Ya ɗaga wayar ya gaishe da mai kira, ya tambaye shi lambar kayansa.